Ɗan Maƙerin Skalitz Ya Dawo, Tare Da Baƙo Daga Mali

Akwai wani gem da jaruminsa bai san ko alif ba. In ya buɗe littafi sai haruffa su cakuɗe a kan allo, wanda ke riƙe da hannun gem ɗin ma ba zai tsinci komai ba, har sai ya yi tattaki zuwa wani ƙauye mai suna Uzhitz, ya biya magatakardan garin, ya durƙusa a gabansa ya koyi baƙi da wasali. Wannan jarumi bai iya riƙe takobi ba. In ya ɗana baka hannunsa rawa yake yi, kibiya ta bi iska, tsirkiya ta tsula masa a hannu. Yana jin yunwa, yana jin barci, in ya kwana biyu bai ga ruwa ba manyan gari su yatsine masa fuska. Sunansa Henry, ɗan maƙeri ne, gem ɗin kuma shi ne Kingdom Come: Deliverance, wanda kamfanin Warhorse Studios na birnin Prague a Jamhuriyar Cek ya fitar ranar 13 ga Fabrairu, 2018.

Shekara bakwai masoyansa suka yi suna zuba ido. Ranar 4 ga Fabrairu, 2025, Kingdom Come: Deliverance II ya fito, kuma cikin kwana ɗaya tal aka sayar da kwafi miliyan 1, adadin da na farko sai da ya haura mako guda kafin ya kai. Zuwa watan Mayu na 2025, cinikin ya kai miliyan 3. A shafin Metacritic, inda ake tara makin masu sharhi, na farko ya tsaya a 76 cikin 100 a kwamfuta, na biyu ya haye 88. Masu makin sun yi gaskiya: na biyu ya fi kyau, ya fi girma, ya fi tsafta. Sai dai abin da ya sa mutane suka kwana bakwai-bakwai a kan na farko duk da tarin aibinsa bai tsallako gaba ɗaya zuwa na biyu ba, kuma wannan giɓin ya isa a tsaya a kansa.

Mai karatu a Jahun na iya cewa ina ruwan biri da gada. A gidajen gem na Jahun da Kiyawa da Dutse, ƙwallo ce ke mulki: PES da FIFA, sai Mortal Kombat ko GTA in an gaji da ƙwallon. A waya kuwa Free Fire ne da PUBG da Call of Duty. Dalilin a fili yake. Mai shago da minti yake sayar da wasa, janaretansa na shan fetur, yara sun yi layi a benci. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa hannu. Gem na labari, wanda mutum ɗaya zai shiga rigar jarumi ya yi awa 60 ko 100 yana rayuwa a cikinta, ba mai ci ba wanda aka ci, ba ya kawo kuɗin mai. Masu bin irinsa a nan 'yan tsiraru ne: ɗalibi mai laftof mai ƙarfi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ma'aikacin da ya sayi PlayStation ya ajiye a ɗaki, da masu kallon wasu na bugawa a YouTube kamar fim mai dogon zango.

Duk da haka, cikin manyan gem na labari da ake yi a Turai da Amurka da Japan, da wuya a sami wanda duniyarsa ta kai wannan kusanci da labaran da tsofaffi ke bayarwa na ƙasar Kano ta da. Babu dodo, babu aljani, babu mai tashi sama. Dawaki ne da maƙera, gari mai ganuwa, hakimai masu sauya ubangida in iska ta juya, 'yan fashi a kan hanyar fatake, da rigimar gadon sarauta tsakanin 'yan uba.

Shekarar 1403 ce a ƙasar Bohemiya. Sarki Charles na Huɗu ya rasu tun 1378, ɗansa Wenceslaus na Huɗu ya gaje shi, amma farauta da shagali sun fi damunsa a kan mulki. Ɗan ubansa Sigismund, sarkin Hangari, ya kama shi ya tsare, ya kwararo cikin ƙasar da mayaƙan haya na ƙabilar Cuman, idonsa na kan ma'adinan azurfa. Cikin garuruwan da aka ƙona a watan Maris na shekarar akwai Skalitz. Wannan duk tarihi ne, ba ƙirƙira ba, kuma garin na nan har gobe da sunan Stříbrná Skalice. Henry ne ƙirƙirarre. A kan idonsa aka kashe uwarsa da ubansa, aka kuma ƙwace takobin ƙarshe da uban ya ƙera wa ubangidansu Radzig Kobyla. Daga nan labarin ya tashi: maraya yana neman takobi da fansa, ba shi da doki, ba shi da sisi, ba shi da iyawa.

Shi kansa kamfanin da irin wannan rashin ya fara. Daniel Vávra, wanda ya rubuta gem ɗin Mafia na 2002, shi da Martin Klíma suka kafa Warhorse a 2011. Manyan kamfanonin dillancin gem suka ƙi saka kuɗinsu, don a ganinsu gem na takobi ba tsafi ba dodo ba zai sayu ba. A farkon 2014 sai suka kai kokon bararsu shafin Kickstarter suna neman fam 300,000. Mutum sama da 35,000 suka tara musu fiye da fam miliyan 1.1. Da gem ɗin ya fito bayan shekara huɗu, ya fito ne da ɗanyen aiki. A ranar farko sai da masu saye suka sauke facin gyara da ya haura gigabait 20. Doki ya maƙale a daji, mutum ya tsaya cak a bakin ƙofa, aikin da aka sa ka ya ƙi ƙarewa don wanda za ka kai wa saƙo ya ɓace. Buɗe kwaɗo da hannun gem kuwa ya sa mutane da yawa sun yi Allah ya isa. A 2019 kamfanin Koch Media ya saye Warhorse, kuɗi suka shigo, ma'aikatan da suka fara su goma sha ɗaya suka kai wajen 250. Na biyu aikin masu hali ne, kuma ana ganin haka tun daga minti na farko.

A maƙera aka fi ganin bambancin. Abin mamaki ne a ce gem na farko, wanda jaruminsa ɗan maƙeri ne, bai bar mai wasa ya ƙera ko allura ba. Iyakarsa ya wasa takobi a dutsen washi. A na biyu, Henry na iya kama aiki wurin wani maƙeri mai suna Radovan a ƙauyen Tachov. Zai zura ƙarfe cikin gawayi, ya yi ta zuga har ya yi jawur ya koma ruwan ɗorawa, yana matsar da shi gaba da baya don kada gefe ɗaya ya ƙone ɗayan ya zauna da sanyi. Sai ya ɗora a kan uwar maƙera ya bi shi da masaba daga gindi zuwa tsini, ya juya ɗaya fuskar, in ya huce ya mayar wuta. In dukan na tafiya daidai tartsatsi na tashi, Henry na fito yana bin sautin masaba; in aka nace wa wuri ɗaya, ƙarar ta canza, ƙarfen ya lalace. Daga ƙarshe a tsoma a ruwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙera ranar kasuwa yana jiran a gyara masa garma zai gane cewa waɗanda suka tsara wannan sun zauna kusa da wuta sun kalla. Takalmin doki, gatari, takobi, duk ana ƙerawa a sayar, kuma talakan Henry na farkon wasan da wannan yake samun na abinci.

Faɗa ma an sassauta shi. A na farko, sara na zuwa ne ta fuska biyar, ga suka a tsakiya, kuma in mutum uku suka taso maka, allon sai ya yi ta fizgarka daga wannan zuwa wancan har a gama da kai ba ka san ta ina aka bi ba. A na biyu an mayar da fuskokin huɗu, gatari da kulki sun fi takobi sauƙin sarrafawa, wanda ba ya son dogon koyo zai iya ɗaukar kulkinsa ya wuce. An kawo baka mai kunama, an kuma kawo kakar bindiga: bututun ƙarfe a kan sanda, a ɗura albarushi, a kusanto da wuta, a yi addu'a. Ɗurinta na cin lokaci, saitinta sai sa'a, amma in ta sami mutum a kusa, sulkensa ba ya hana komai.

Sai birni. Gem na farko ƙauyuka ne da 'yan garuruwa irin su Rattay da Sasau a fili mai faɗin murabba'in kilomita 16 ko kusa da haka. Na biyu filaye biyu ne: karkarar Trosky mai fada a kan tagwayen duwatsu, da Kuttenberg, wato Kutná Hora ta yau, birnin azurfa inda tun shekarar 1300 ake buga kuɗin groschen da ake ciniki da su a cikin wasan. Shiga Kuttenberg bayan awanni a daji na sa mutum ya rage gudun dokinsa. Lunguna, mahauta, masu ɗinki, makarantar koyon takobi, unguwar Yahudawa, mabarata, masu wa'azi, kowa da harkar gabansa, kowa na tashi da safe ya tafi aiki ya dawo ya kwanta.

Mutanen garin kuma sun yi wayo. A da in ka yi sata ba wanda ya gan ka, shi ke nan. Yanzu in an ga giccinka kusa da gidan da kaya suka ɓata, washegari dogari zai tare ka. Hukunci ya tashi daga tara da ɗauri kawai, ya koma turu a tsakiyar kasuwa, bulala, lalas a wuya wanda zai sa 'yan kasuwa su ƙi ciniki da kai, in laifin ya yi yawa kuma rataya.

To ina giɓin?

Yana wurin Henry kansa. Faɗan farko da mai wasa ke yi a gem na farko da wani mashayi ne mai suna Kunesh, wanda uban Henry ke bi bashi. Yawancin masu wasa dukan tsiya suke sha a hannunsa, su koma gida da kumburarriyar fuska uwa ta yi musu magani. Wannan dukan shi ne ginshiƙin gem ɗin. Daga shi ne mutum ke gane cewa a nan ba a haifi kowa gwani ba. Sai ka je filin horo a Rattay wurin Kyaftin Bernard, ka yi ta karɓar sanda, yau da gobe, har hannunka na gaske, wanda ke kan maɓallan, ya koyi lokacin karewa da lokacin sara. Ranar da ka fara kayar da ɗan fashi ɗaya tilo a kan hanya, daɗin da za ka ji ya fi na kashe dodo ɗari a wani gem ɗin. Haka karatu, haka haɗa magani, haka hawan doki. Jarumin da mai wasan tare suke fita daga jahilci, kuma gem kaɗan ne suka taɓa yarda su wulaƙanta mai sayensu na tsawon awanni haka don su ba shi wannan daɗin.

Na biyu ya san da wannan, shi ya sa ya yi dabara. Yana buɗewa Henry na rakiyar ubangidansa kuma abokinsa Hans Capon, za su kai wasiƙa ga Otto von Bergow a fadar Trosky. 'Yan fashi suka far musu a bakin tafki, aka kashe 'yan rakiya, Henry ya faɗo daga kan dutse ya ji rauni, su biyun suka tsira da ɗan kamfai. Babu doki, babu sulke, babu wasiƙa, masu gadin fada suka kore su kamar almajirai, rigima a gidan giya ta kai su turu. An mayar da shi ƙasa ke nan. Awanni goma ko ashirin na farko, lokacin da yake neman hanyar kutsawa wani bikin aure a Semine don ya ga Bergow, su ne suka fi kama da tsohon gem ɗin, su ne kuma mafi daɗi ga mai son wahala.

Amma talaucin aro ne. Wannan Henry ya iya karatu, ya san manya, ya san yadda ake magana a fada, rauni ne kawai ya rage masa ƙarfi. Kafin a kai tsakiyar labari ya tara sulken da ya fi na hakimai, aljihunsa ya cika da groschen da ba shi da abin saye da su, mutum biyar su tare shi ya watsa su. Labarin ma ya tashi daga na maraya mai neman takobin ubansa ya koma na manya: taron sarakuna, satar azurfar sarki, kewaye fadar Suchdol, da Jan Žižka, wanda daga baya ya zama babban kwamandan yaƙe-yaƙen Hussite da suka ɓarke a 1419. An shirya shi da kyau, akwai ban dariya, akwai wurin da ido zai kawo ruwa. Sai dai irin wannan labarin wasu ma suna iya bayarwa. A watan Afrilu na 2025 kamfanin ya ƙara wani mataki mai tsanani, wanda ke ɗauke alamar inda kake a taswira, ya hana tsallake tafiya, ya tilasta wa mai wasa ya zaɓi naƙasu da zai ɗauka. Gyara ne mai kyau, amma wahalar da mutum ya zaɓa da hannunsa daban take da wadda ya farka ya tarar da kansa a ciki.

Akwai kuma abin da ba a faɗa wa sabon shiga. An tallata na biyu a kan cewa ba sai ka buga na farko ba, kuma gaskiya ne za ka fahimci inda aka dosa. Fahimta daban, zafi daban. Lokacin da Henry ya tsaya gaban Markvart von Aulitz, wanda ya jagoranci ƙona Skalitz, ko gaban Istvan Toth da ya riƙe takobin, wanda bai taɓa komawa cikin tokar garin a ruwan sama don binne iyayensa ba kallo kawai yake yi.

Ga mai karatu na wannan yanki, babban sabon abu a na biyu mutum ne. Lokacin da na farko ya fito an yi ta ce-ce-ku-ce a jaridun Turai da Amurka cewa babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsa. Vávra ya tsaya kai da fata cewa ƙauyukan Bohemiya na 1403 yake nunawa, kuma babu shaidar akwai su a can. A na biyu sai ga Musa, mutumin Mali, Musulmi, malami kuma likita a sansanin sojan Sigismund kusa da Kuttenberg. Bayanin da aka bayar shi ne ya yi zama a fadar Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Bayezid, daga can hanya ta haɗa shi da Sigismund. Nan take wasu daga cikin waɗanda suka yaba wa Vávra a 2018 suka juya masa baya suna cewa ya miƙa wuya, tun ma kafin gem ɗin ya fito.

Su masu wannan ƙorafi sun manta, ko ba su taɓa sani ba, cewa mutanen Mali na wancan ƙarni matafiya ne. Mansa Musa ya yi hajjinsa a 1324, ya bi ta Alƙahira da zinaren da aka daɗe ana labarinsa, kuma taswirar Catalan ta 1375, wadda aka zana a Turai, ta nuna shi zaune riƙe da curin zinare. Bayezid da Sigismund sun gwabza a Nicopolis a 1396, Bayezid ya yi nasara, sannan Timur ya kama shi a yaƙin Ankara a 1402. Malamin da ubangidansa ya faɗi a 1402 ya nemi wata inuwar a 1403, wannan ba abin da hankali zai ƙi ba ne. Ba a ce an yi wani Musa a Kuttenberg ba. An ce zai yiwu, kuma zai yiwun.

An kuma rubuta shi da mutunci. Ya fi yawancin na kusa da shi ilimi, ya san haka, ba ya ɓoyewa, yana yabon ƙasarsa yana kushe ƙazantar masu masaukinsa. Sojojin sansanin na kallonsa a karkace, kuma da aka yi kisa a sansanin shi aka fara nuna wa yatsa, sai Henry ya tono gaskiya in mai wasa ya yi aikinsa da kyau. Iyakarsa ke nan: baƙo ne a labarin wasu, ana ganinsa ta idon ɗan ƙauyen Bohemiya, ya yi 'yan fitowarsa ya koma gefe.

Abin da zai ba ɗan Jigawa sha'awa shi ne duba abin da ke faruwa a gida a wannan shekara ta 1403. Bisa lissafin da aka saba bi na littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, sarkin Kano a lokacin shi ne Kanajeji ɗan Yaji, daga 1390 zuwa 1410. Shi ne littafin ya ce ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Hausa, bayan asarar mayaƙa da ya sha. Ya kai wa Zazzau yaƙi aka kore shi, ya koma ya sake shiri ya dawo ya ci. A zamanin ubansa Yaji ne, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka iso Kano daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, suka kawo malanta da tsayar da salla a fada. Ashe a shekarun da aka ɗora Musa na gem a kan hanyar arewa, 'yan uwansa na gaske sun riga sun yo gabas sun sauka a Kano. Ba da jimawa ba kuma, a zamanin Abdullahi Burja, littafin ya ambaci auren sarkin Kano da 'yar sarkin Dutse. Maƙeran da suka ƙera wa Kanajeji kwalkwali suna da 'ya'ya, kuma ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikinsu, kamar yadda ba wanda ya san sunan ɗan maƙerin Skalitz na gaske sai da wasu suka zauna suka ƙirƙiro shi.

Mutanen Cek ba su fi miliyan 11 ba, masu jin Hausa sun ninka su sau da yawa. Amma ko su, gem na farko da ke ba da tarihinsu da Turanci ya fito yana magana. Muryoyin harshen Cek sai a 2023 aka saka, bayan masoya sun tara kuɗi sun fara aikin da kansu. Na biyu da harshen gida ya fito tun ranar farko. A nahiyar nan, Kiro'o Games na Yaoundé a Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, gem na labari da aka gina kan al'adun Afirka, sai dai a wata duniyar ƙirƙira aka ajiye shi, ba a wani gari mai suna da shekara ba.

Dole a faɗi wani abu ga iyaye da masu gidajen gem. Duka biyun an yi musu hatimin 'yan shekara 18 zuwa sama a Turai, kuma sun cancanci hatimin. Akwai jini, akwai ashar, akwai cacar ɗan lido a kowane gidan giya, akwai gidajen wanka da ba wanka kaɗai ake yi ba, akwai tsiraici. Hatta ajiye wasa a inda aka tsaya, in ba barci Henry ya yi a gadonsa ba, sai ya kurɓi wata giya da ake kira Saviour Schnapps. Tsarin ya fusata mutane a 2018 har aka ƙara damar ajiyewa yayin fita, kuma yana nan a na biyu, an dai sauƙaƙa samunta. Na biyu ya ƙara da zaɓin soyayya tsakanin Henry da Hans, wanda sai mai wasa ya bi shi da gangan yake faruwa. Babba ya san abin da zai ɗauka da abin da zai tsallake. Yaron da ya zo da canjin aike ba wurinsa ba ne.

Sai maganar aljihu, wadda a Jahun ita ce ke yanke hukunci. Na biyu ba ya hawa PS4, injin da ya fi yawa a hannun waɗanda suka ɗan ci gaba a nan. Sai PS5, ko Xbox Series, ko kwamfuta mai ƙarfin gaske. Ya fito a kan dala 60 a kwamfuta, dala 70 a sauran. A canjin lokacin, wajen naira 1,500 kowace dala, mafi arahar ya kama naira 90,000, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa a lokacin naira 70,000 ne. Yana neman wurin ajiya gigabait 100, kuma ya fito ne makonni kaɗan bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Ga wuta, wadda kowa ya san halinta. Gem da ba ya barin ka ajiye wasa yadda ka ga dama, in aka ɗauke wuta kana tsakiyar daji, aikin awa guda ya bi ruwa. Ga Turanci: rubutun labarin ya kai kalma miliyan 2.2, rabin wasan hira ce da zaɓen amsa, wanda bai ji harshen sosai ba zai yi ta sara ne a duhu.

Na farko kuwa yana hawa PS4, yana hawa laftof mai matsakaicin ƙarfi, an yi shekaru ana toshe ramukansa har yawancinsu sun toshu, farashinsa na faɗuwa warwas duk lokacin rangwame, kantin Epic ma ya raba shi kyauta a 2020 ya sake rabawa a farkon 2025. Ya haura kwafi miliyan 10, wani kaso mai kauri na cinikin kuma bayan sanar da na biyun aka yi shi.

Kingdom Come: Deliverance II ya fi wanda ya gada, ya kuma shiga jerin masu neman kambin gwarzon gem na 2025, ko da yake Clair Obscur: Expedition 33 na Faransa ne ya ɗauka. Wanda ya gama na farko kuma yake da injin da zai ɗauki na biyu, kada ya tsaya wata-wata. Wanda bai taɓa ko ɗaya ba, ko da kuɗin na biyun na aljihunsa, ya fara da na 2018, ya je ya karɓi dukansa a hannun Kunesh tukuna.